Kanawa na alfahari da yawansu, to me ya sa suke kukan gari ya cika?

Tambaya: Malam, barka da war haka. Na yi shekara goma sha biyu ina aiki a Fatakwal, da na dawo Kano bara sai na kasa gane garin. Inda na bari gonaki ya zama unguwanni, tafiyar minti ashirin ta koma ta awa guda. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutum ɗaya zai yi maka alfahari Kano ta fi kowace jiha yawan jama'a, kafin ku tashi daga zaman kuma ya shiga ƙorafi wai gari ya cika. Kai da ka daɗe a aikin tsara gari, yaya ainihin Kanawa suke ji da wannan ƙaruwa?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa, sannu da dawowa gida. Mutumin nan da ka ji yana alfahari yana ƙorafi a zama ɗaya bai ruɗe ba, abu biyu ne a bakinsa. Lokacin da ya ce mun fi kowa yawa, lissafin siyasa da kasuwa yake yi. Lokacin da ya ce gari ya cika, layinsu yake nufi, da rijiyar gidansu da ta ƙafe, da ajin da ɗansa yake zama a ƙasa. Na yi shekaru ina yawo da taswira da ma'auni a gefen garin nan, na zauna a zaurukan masu unguwanni da dagatai ba adadi, kuma da wuya in tuna ranar da wani ya ce mini mutane sun yi yawa a duniya. Maganar da nake ji kullum ita ce "babu wuri". Wurin gini, wurin ajiye mota, wurin da yara za su buga ƙwallo, har wurin binne mamaci.

Bari mu fara da girman abin, don idonka bai yi maka ƙarya ba. Da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da wajen 30,000, kuma a lokacin babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili. Ƙidayar 1952 ta ba garin kimanin 130,000. Zuwa ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas da ake lissafawa a matsayin birni da kewaye, wato Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, sun haura miliyan 2.8. Jihar kuwa ta tashi daga miliyan 5.8 a 1991 zuwa miliyan 9.4 a 2006. Idan ka buga lissafin, ƙaruwar ta ɗan haura kashi uku cikin ɗari a kowace shekara, kuma duk abin da yake ƙaruwa a haka yana ninka kansa cikin shekara ashirin da 'yan kai. Shekarunka goma sha biyu a Fatakwal sun isa a ce kusan rabin wani sabon Kano ya hau kan wanda ka bari. Tun 2006 ba a sake ƙirga mu ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi, shi ya sa kowa yake yanka adadin da ya yi masa daɗi a majalisa.

Misalin da ya fi shiga raina shi ne Ɗorayi. A farkon shekarun 1970 wata Baturiya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna ta yi bincike a can a matsayin karkara, tana ƙirga gonaki da manyan gidajen gandu. Je ka Ɗorayi yau ka nemo mini gona.

Alfaharin yana da tushe, kada ka ɗauke shi cika-baki kawai. Garin da kirarinsa yake cewa "ko da me ka zo an fi ka" ya saba auna kansa da yawa. Sannan a Najeriya yawan jama'a kuɗi ne da kujera: yana cikin abin da ake dubawa wajen rabon kuɗin tarayya, kuma Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da kujeru 24 a Majalisar Wakilai, daidai da kujerun Legas. Da sakamakon 2006 ya fito ya ɗora Kano a kan Legas, gwamnatin Legas ta ƙi yarda, ta ce nata mutanen sun haura miliyan 17. Tun daga nan maganar yawa ta zama ta kare mutunci. Bakanen da zai kwana yana zagin cunkoson Kurna, idan ka ce masa Legas ta fi Kano mutane, za ku kwana a wani sabon musun. A ƙarƙashin wannan kuma akwai abin da aka raine mu a kai: mutum rahama ne, 'ya'ya arziki ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Mutumin da ya tashi da wannan ba zai iya buɗe baki ya ce haihuwa ta yi yawa ba, ko da kuwa ciki da falo yake haya da 'ya'ya takwas.

Abin da na lura da shi a aikina shi ne, yadda mutum yake ji ya danganta ne da inda yake tsaye a cikin taron: shin yana sayar wa taron ne, ko yana bin layi tare da shi. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa ko Dawanau bai taɓa ganin mutane sun yi yawa ba, kowane sabon kai ciniki ne. Haka mai gidan haya, da dillalin filaye, da mai buga bulo, da mai makarantar kuɗi da ya buɗe a gida mai ɗaki huɗu, da mai kemis. Shi kuwa ma'aikacin da mai gida yake ƙara wa kuɗin haya duk shekara saboda akwai mutum goma a bayansa suna jira, da matar da take sammako asibitin gwamnati don karɓar kati ta tarar da layi ya riga ta, su cikar garin a jikinsu suke jin ta. Sau da yawa kuma mutum ɗaya ne yake duka biyun, da safe a shago yana godiya ga Allah da cikowa, da yamma a bayan adaidaita sahu yana tsaki.

Inda zan daɗe shi ne maganar awon igiya, wato filayen da ake yankawa a sayar ba da tsarin gwamnati ba, domin a ganina rabin ƙorafin da kake ji daga nan ya fito, ko da masu yin sa ba su haɗa shi da nan ba.

Kano ta taɓa samun tsari a rubuce. A farkon shekarun 1960 aka yi wa birni da kewaye taswirar shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wadda mu a aiki muke kira tsarin Trevallion. Garin ya tsallake ta tun wa'adinta bai cika ba. A 1978 kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta mayar da filayen birni hannun gwamna, ya zama a ƙa'ida gwamnati ce za ta yanka fulotai, ta fitar da titi da magudanar ruwa da wurin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta, sannan ta raba. Amma fulotan da gwamnati take yankawa ba su taɓa kusantar yawan masu neman wurin zama ba, kuma wanda ya samu galibi mai hanya ne. To ina sauran za su? Sai su tafi wajen manomi.

Ga yadda abin yake tafiya. Dattijo ya rasu ya bar gona a bakin gari, magada goma sha biyar, ba mai sha'awar noma a cikinsu. Ko kuwa manomin yana raye amma ya ji ƙishin-ƙishin gwamnati za ta karɓi wajen ta ba shi diyyar da ba ta kai ta kawo ba, sai ya ga gara ya riga ta. Dillali ya zo da igiya da turaku, a yanka gonar gunduwa-gunduwa, mai unguwa ya sa hannu, a rubuta takarda a ba da la'ada. Kowane taku da aka bar wa hanya asara ce a wajen mai sayarwa, don haka sai a bar lungun da amalanke za ta wuce da ƙyar. Ba wanda zai ce ga filin firamare, domin gonar ta mutum ɗaya ce, me zai sa shi kaɗai ya yi wa unguwa sadaka? Gonar kusa da ita ma haka za a yi, kuma lungunan biyu ba lalle su haɗu ba. Wanda ya sayi fuloti shi ma ya raba biyu ya sayar da rabi don ya sami kuɗin gini. Cikin shekara goma sai ka ga unguwa ta tashi da dubban mutane, babu titi ɗaya da motar kashe gobara za ta bi. Haka manyan sassa na Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Rimin Kebe da Sheka da Ɗorayi suka tashi.

Na taɓa zuwa wata unguwa ta irin wannan bayan an yi gobara. Wani magidanci ya riƙe ni yana faɗa, wai hukuma ba ta damu da talaka ba, mota ta zo ta tsaya a bakin titi tana kallo. Na auna lungunsu, bai kai ƙafa bakwai ba, kuma dakalin da ya ci ƙafa biyu daga ciki nasa ne. Ban ce masa komai ba, ranar ba ranar wannan magana ba ce. Kuma in ka bi ta a hankali yana da tasa gaskiyar: da an yanka masa fuloti mai hanya a kuɗin da zai iya, da bai zo nan ba. Ni ban taɓa ɗora laifin awon igiya a kan talakan da ya saya ba. Mutum ya yi aure, haya ta ishe shi, dole ya sa kansa a wani wuri. Da an ce hukumomi sun riga dillalai isa gonakin nan, ko da hanyoyin kawai aka fitar aka kafa duwatsu aka bar wa manoma filinsu su sayar, da Kano ta ɗauki wannan jama'ar ba tare da rabin wannan kukan ba. An gina rukunin gidaje irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, amma kuɗinsu ba na mai awon igiya ba ne.

Sai ruwa, wanda shi ne ƙorafin mata kafin na kowa. Matatar Challawa tun farkon shekarun 1930 take, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, an yi ta ne don garin da bai kai ko kashi ɗaya cikin ashirin na yau ba. An ƙara Tamburawa da Watari daga baya, ga madatsar Tiga tun zamanin Audu Bako, amma bututu bai bi garin zuwa inda ya tafi ba. Akwai samarin da aka haifa suka yi aure a Kano ba su taɓa ganin famfon gwamnati ya kawo ruwa a gidansu ba. Mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya jira 'yan garuwa da kurarsu. Kowace sabuwar burtsatse kuma tana janye ruwan rijiyar maƙwabci, sai ka ji gaba ta shiga tsakanin gidajen da suka yi shekara talatin suna miƙa wa juna tuwo. A ƙaramin fuloti kuma shadda da rijiya taku kaɗan ne tsakaninsu, ba sai na faɗa maka abin da ke biyo baya da damina ba.

Kududdufai ma abin a tsaya a kansu ne. Kakanninmu sun haƙa su ne wajen ɗibar ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan sama. Mun raina su saboda sauro da shara, da fili ya yi tsada sai aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cikewa ana ginawa. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya ga abin da ake nufi da gini a kan magudana. Irin wannan ne ya faru da badala da filayen makarantu da gefen maƙabartu da harabar masallatai, duk inda aka ga sarari sai shago ya tsiro. Shi ya sa rusau ɗin 2023, musamman na shagunan Filin Idi, ya raba garin gida biyu: wasu suna murna an dawo da filin jama'a, wasu suna kuka da dukiyar da suka saya da takardun hukuma a hannu. Idan kana son ganin yadda Kanawa suke ji da cikar garinsu a hoto ɗaya, to wannan ne.

Cunkoson hanya ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba, kana cikinsa. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, adaidaita sahu ta gaji garin. An yi gadoji a Ƙofar Nasarawa da Sabon Gari da Dangi da Hotoro, sun sauƙaƙa mahaɗa, amma gari mai miliyoyin mutane da yake jigilarsu uku-uku huɗu-huɗu a keke mai ƙafa uku ba gada ce za ta warkar da shi ba. Manyan motocin bas masu tsayayyen layi yake buƙata.

Yanzu ga inda nake saɓawa da yawancin mutanen da nake hira da su. Tambayi Bakano wa ya cika garin, zai ce baƙi. Zai lissafa maka 'yan ci-rani, da almajirai, da mutanen Nijar, da waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, da waɗanda 'yan bindiga suka taso daga Zamfara da Katsina. Duk sun zo, gaskiya ne, kamar yadda farin 1973 da na 1984 suka turo nasu. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, a ƙasa baki ɗaya 5.3, a Legas 3.4. Ga shi kuma yaran da a da ƙyanda da tarin shiƙa suke ɗauka yanzu da yawansu suna rayuwa, alhamdu lillahi. Ka ƙirga gidanku kawai. Gidan kakanka ɗaya a cikin gari, yau jikokinsa gida nawa suke riƙe da shi, kuma a wace unguwa? Mafi yawan waɗanda suka cika Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Na'ibawa da Mariri 'ya'yan cikin badala ne da gidan gado ya yi musu kaɗan. Wasu kuma ba su zo birni ba sam, birnin ne ya je ya same su a ƙauyensu. Baƙo dai ya fi sauƙin nunawa da yatsa fiye da ɗakin matarka.

Abin dariyar ma shi ne, garin da kansa baƙi ne suka gina shi, sunayen unguwanni sun isa shaida. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna, Sharifai. Wangarawa sun zo tun zamanin Sarki Yaji, jirgin ƙasa ya iso a 1911 ya haifar da Sabon Gari. Mai ƙorafin baƙi, in ka tona kakansa na uku, sau da yawa za ka tarar da ayari ya zo. Abin da ya canza shi ne, a da baƙo yana sauka ne a hannun fatoma ko mai unguwa, an san wanda ya kawo shi, kuma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suna ɗaukar dubban ma'aikata. Da yawancinsu suka rufe daga shekarun 1980 zuwa sama, sai hannaye suka ci gaba da ƙaruwa, aikin yi yana raguwa. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, balle a ce man ma an rage shi.

Maganar haihuwar kanta ana yin ta, amma a ɗaki. Ka tuna surutun da ya tashi a 2017 da Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi magana a kan masu ƙara aure ba su da halin riƙewa. A fili an yi masa ca, a ɓoye kuwa mutane da yawa sun gyaɗa kai. Kalmar "ƙayyade iyali" ba ta shiga kunnen mutanenmu, amma "tazarar haihuwa" ta shiga, domin an ɗora ta a kan lafiyar uwa da cika shayarwa ta shekara biyu, abin da addini ya riga ya sani. Matasan ma'aurata da suke biyan haya da kuɗin makaranta suna wannan lissafin tsakaninsu, ba sa dai kawo shi majalisa.

Dattawan cikin gari kuwa nasu kukan daban ne, kuma shi ya fi taɓa ni. Ba ruwa ko hanya suke fara ambata ba, cewa suke yi ba a san juna ba. A da yaro ya yi ba daidai ba a lungu, duk wanda ya gani ubansa ne. Yanzu mai unguwa yana da gidajen da bai san masu su ba, mutum ya rasu a layi sai an ga motoci a ji labari. Da yawansu da wannan suke danganta daba da ƙwacen waya da shaye-shaye. Wani dattijo ya taɓa ce mini shi abin da yake tsoro yanzu shi ne inda za a sa shi, don tsofaffin maƙabartun da iyayensa suke kwance sun cika, sababbin unguwanni kuma an yanka su ba a bar wa matattu ko taku ɗaya ba. Na san unguwannin da sai da aka yi karo-karo a masallaci aka sayi gona a can nesa, ana ɗaukar gawa a mota.

Tun da ka dawo, na san ba za a daɗe ba dillalai za su fara kai ka ganin fili. Kada ka je da rani. Ka bari sai Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwan ya kwanta. Ka shiga lungun da mota, in ba ta juya ba ka haƙura ko da an yi maka rabin kuɗi. Ka tambayi maƙwabta gaba nawa suka haƙa kafin su tarar da ruwa, ka tambayi inda firamaren gwamnati take, sannan ka tambayi mai unguwa inda suke binne mutanensu. Ka kuma leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, da ma'aikatar ƙasa ka tabbatar wajen ba ya kan hanyar da aka zana, don alamar jan fenti ba ta duba takardar mai unguwa.